Inda Midani Ya Ɓoye Furen Dabino

Shekara hamsin da ɗoriya mutanen garin Dagash, can a ƙasar Larabawa a bakin hamada, suna faɗa wa Midani cewa a kan dabino ajalinsa zai same shi. Uwarsa ta faɗa, surukinsa ya faɗa, likitan da ya ɗinke masa ƙafa sau biyu ya faɗa. Matarsa Burniya kuwa ta faɗa har bakinta ya gaji, ya huta, ya sake ɗauka. Da ranar ta zo, a zaune ta same shi a gindin bishiya, bayan azahar, da kofin shayi a gefensa ko rabi bai sha ba. Amininsa Lazhar yana ta zuba masa surutu a kan rabon ruwan lambu, ya ɗauka shirun na wanda ya rasa amsa ne. Sai da ya ce, “Ka yarda ke nan ni ne da gaskiya,” bai ji an musa masa ba, sannan ya waiga. Tun suna yara Midani bai taɓa bar masa gaskiya ba, ko da wasa.

Ammi Midani, wato Baffa Midani, kowa ke kiransa, har waɗanda suka girme shi. Mahayin dabino ne kamar ubansa. Gajere ne, mai gwamammun ƙafafu, tafin ƙafarsa ya yi kanta har ƙaya tana karyewa a kansa. Takalmi sai ranar Juma'a, shi ma da mita, wai yana cizonsa. Bai shiga makaranta ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa, amma babu bishiyar da bai sani ba a lambunan unguwar: wadda ke saurin fure, wadda ke son ruwa, wadda mai ita ya yi wa rowar taki yake ɗora wa Allah laifi. Da kaka yana hawa ya sauko da nonon dabino. Da bazara yana hawa ya yi barbara, ya cusa silin furen namiji biyu ko uku a cikin furen mace, ya ɗaure da ganye, yana salati da wata murya da ba a yi ta don waƙa ba. Shi bai taɓa kiran wannan aiki barbara ba. In ka tambaye shi ina zuwa da sassafe da igiya a kafaɗa, sai ya ce ɗaurin aure zai je, yau amare goma sha biyu gare shi.

Dukiyarsa ba ta da yawa. Dabino talatin da biyu ne mata, sai namiji ɗaya a kusurwar lambu, wanda kakansa ya dasa. Wannan namijin shi ne abin alfaharinsa, kuma gaskiya ya isa a yi alfahari da shi, don duk bishiyar da ta sami furensa 'ya'yanta kan fito manya, masu sheƙi. Yanzu akwai masu kasa furen namiji a kasuwa kamar tumatir, Allah ya shirye su. Midani har ya koma ga Mahaliccinsa bai sayar da sili ɗaya ba. Yakan ce abin da iska za ta kai wa maƙwabcinka kyauta, da wane ido za ka ce ya biya ka?

Aibin namijin guda ɗaya ne: nawa gare shi. Sai matan da ke saurin fure sun buɗe sun gaji da jira sannan zai fasa kwansonsa. Furen mace kuwa ba ya jira. In ya yi mako bai samu ba, shi ke nan, bana sai dai ƙananan 'ya'ya marasa ƙwallo waɗanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Saboda haka duk shekara Midani kan yanki fure mai yawa, ya shanya a inuwa, ya ƙunshe, ya adana har baɗi. Gida goma sha ɗaya ne a unguwar suka dogara da wannan ajiya. Ba wanda ya taɓa damuwa ya koyi yi wa kansa. Don me? Ga Ammi Midani.

A nan ne rigimarsa da Burniya take.

Yarinya ce 'yar shekara sha tara lokacin da aka kawo ta daga garin Nafta, da adakar kayan aurenta da masaƙarta, da bakinta. Ita ta ce tana son sa, don ta gan shi a kan dabinon kawunta yana waƙa, ta yi dariya har ta zubar da tulu. A makon bikinsu ya haƙa rami a tsakar gida ya dasa 'yar dabino, ya raɗa mata suna Amarya. Bazarar farko ya shigo gida da rungumen fure a ƙirjinsa, fuskarsa da gashinsa duk farin gari, yana murna zai nuna mata. Ta shaƙa sau ɗaya. Atishawa ta kama ta, idanu suka yi ja, hanci ya tsiyaya kwana uku. Atishawar Burniya kuwa uku-uku take zuwa, ba ta taɓa tsayawa a biyu ba. Midani ya gane haka tun a ranar. Ta yi ta farko ya ce ɗaya, ta yi ta biyu ya ce biyu, sannan ya ɗaga yatsa yana jira, ya ce, “Saura ɗaya.” Ta jefe shi da ludayi. Shekara arba'in da takwas ya yi yana wannan ƙidaya, a gida, a gidan biki, a cikin motar haya, har a filin Arfa, kuma ba a taɓa yin ranar da abin ya daina ba shi dariya ba.

Ban da wannan, zamansu lafiya lau. Ita tana saƙa barguna na ulu, kuma ba a aurar da 'ya a unguwar ba tare da bargon Halti Burniya, wato Inna Burniya, ba. Shi yana dawowa da ƙaya a hannu, ta zaunar da shi ta ciro da allura tana masa faɗa, yana lumshe ido kamar kirari ake masa. Duk kaka shi ke zaɓo ƙwayar farko da ta nuna a kan Amarya, ya goge a rigarsa, ya ba ta. Ta ci, ta ce ta bara ta fi zaƙi. Kullum ta bara ce ta fi.

'Ya'ya biyu Allah ya raya musu, Munsif da Najiya. Munsif yana da shekara sha ɗaya ya faɗo daga dabino ya karye a hannu, tun daga nan ko tsani ya gani sai ya ja da baya. Mutane suka sa shi a baki, wai ɗan mahayi yana tsoron sama. Midani bai taɓa cewa ya sake hawa ba, ko sau ɗaya. Duk wanda ya kawo masa maganar sai ya ce ai kowane gida yana bukatar mutum guda da ƙafarsa ke ƙasa, don ya tsinci abin da na sama ya yar. Ya tura yaron makaranta, yaron ya zama ma'aikacin ofis a birnin Safaƙus, ya yi tumbi. Sana'ar kuwa ya koya wa Ayyashi, ɗan Lazhar, wanda yanzu shi ma ya fara furfura.

Jikoki bakwai, kowanne da bishiyarsa, ranar suna ake dasa ta. Da aka saya masa waya, ba abin da yake yi da ita sai kai rahoto. Ya kira jikarsa ta birni ya ce bishiyarta ta fi ta tsawo da kamu biyu, ta ƙara cin abinci. Ya kira wani ya ce tasa ta yi rashin kunya bana, ta ƙi haihuwa, ko ta ji labarin jarrabawarsa ne? In suka zo hutu sai ya jera su ya kai kowa ya gaida tasa. Manyan suna jin kunya, amma ba wanda ya taɓa ƙin zuwa.

Shi da Lazhar kuwa, wanda bai san su ba sai ya rantse gaba suke. Kullum bayan azahar suna gindin bishiya ɗaya, buta ɗaya a kan garwashi, suna musu a kan ruwa, a kan wa ya girmi wani, a kan ko an yi ruwan sama a shekarar da aka haifi Ayyashi. Lazhar yana kiransa Biri, shi yana kiran Lazhar Alƙali. Amma shekarar da gwiwar Lazhar ta hana shi tashi, Ayyashi kuma yana aikin soja, Midani ne ya hau bishiyoyinsa sittin bayan ya gama nasa, bai faɗa masa ba. Da Lazhar ya gano ya zo godiya, sai ya ce masa ba don shi ya yi ba, tausayin bishiyoyin ya ji da Allah ya haɗa su da irin wannan mai gida.

To, bazarar bara ce aka yi rigimar da ta fi kowacce. Da can a bukkar lambu yake ajiye furen, sai ɓeraye suka gano wurin. Ya mayar da shi soro, ruwa ya taɓa shi. Sai ya lallaɓa ya cusa ƙunshinsa a ɗakin girki, bayan buhun garin kuskus. Burniya ta je ɗiba, ta janyo buhu, farin gari ya tashi ya rufe mata fuska. Ranar bai ma samu damar ƙidaya ba. Ta watso masa ƙunshin tsakar gida, ta ce ta rantse in ta sake ganin wannan abu a gidanta, murhu za ta kai shi, shi da maƙwabtansa su je su nemi iska ta yi musu barbara. Ya tsuguna ya tattara a hankali, yana hure ƙasar da ta taɓa su. Ya ɗago ya dube ta da ɗan murmushin nan nasa mai ban haushi.

“Ba za ki sake ganinsa ba, Burniya. Na yi miki alkawari.”

Kuma ba ta sake gani ba. Ta ji daɗin nasararta, har ta ba ƙanwarta labari a waya.

A farkon Fabrairu ya rasu. Burniya ta yi kuka mai yawa, ba ta ɓoye ba, amma ba ta yi irin na wadda aka zalunta ba. Takan ce wa masu ta'aziyya Allah ya ba ta shi shekara arba'in da takwas, bai taɓa kwana da fushinta ba, ita ce dai take kwana da nasa. Me za ta ce ban da alhamdulillahi? Ta shiga takaba, ta tuɓe 'yan kunnenta, ta rufe masaƙa da mayafi. Abin da ya fi ci mata rai ƙarami ne. In ta yi atishawa sai ta ji kunnenta yana jira.

Bana kuma sai zafi ya yi sammako. Tun kafin ranar arba'in ɗinsa matan dabino suka soma fasa kwanso, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su saba gaggawa ba. Namiji kuwa ko ɗaya bai buɗe ba, ba na Midani ba, ba na kowa ba. Furen da aka kawo kasuwa daga nesa, Ayyashi ya murza a hannu ya shinshina, ya ce ƙaiƙayi ne kawai.

Ranar arba'in gida ya cika. Munsif ya zo da iyalinsa, Najiya da nata, aka yanka rago, aka tuƙa kuskus tukunya huɗu, aka sauke Alƙur'ani. Daga ɗakinta Burniya tana jin maza a zaure suna ba da labarinsa suna dariya, wannan ya kawo na takalmi, wancan ya kawo na ranar da ya yi barci a saman bishiya aka yi ta nemansa. Ta ji daɗi, don ta san haka zai so. Amma ta lura da wani abu. Duk wanda ya fito tsakar gida wanke hannu sai ya ɗaga kai ya dubi Amarya, ya daɗe, sannan ya sunkuyar da kai ya koma. Ita ma ta leƙa ta taga. Kwanso uku sun tsage a can sama, furen ya leƙo fari tas.

Da la'asar mutane suka watse, saura Lazhar. Ya zo bakin ƙofar ɗakinta ya tsaya ta bayan labule, yana dogara sanda. Ya yi mata gaisuwa, ya sake yi mata gaisuwa. Ya yi maganar zafi. Ya ce kuskus ɗin ya yi daɗi. Ya koma kan zafi. Mutumin da ya yi shekara saba'in ba a taɓa rufe masa baki ba, yau ya rasa ta inda zai ɓullo, don a ganinsa abin kunya ne a tambayi mai takaba ajiyar mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba.

“Si Lazhar,” in ji ta, “ka faɗi abin da ya kawo ka. Abokinka ba ya nan balle ya katse ka.”

Ya yi gyaran murya. “Furen bara ne, Hajja. Ko ya faɗa miki inda ya sa?”

“Kai bai faɗa maka ba?”

“Na tambaye shi sau ɗari. Ya ce ya kai shi inda ko ɓera sai da izini yake shiga. Birin nan, Allah ya jiƙansa, yana ta dariya shi kaɗai.”

Ta tambaye shi kwana nawa ya rage. Ya ce waɗanda suka fara buɗewa, uku, in an yi sa'a huɗu. Ya ce akwai gidajen da ba su da komai sai waɗannan bishiyoyi; gwauruwa Hadda da marayunta, bishiya tara gare su, bakwai sun riga sun buɗe.

Washegari aka yi nema. Munsif da Ayyashi suka birkice bukkar lambu, suka hau soro, suka duba rumbun masallaci, suka duba gidan Lazhar kansa ko ya ɓoye a can don tsokana. Aka kwance buhunan ɗakin girki, aka leƙa tsohuwar rijiya. Ba komai. Burniya tana zaune a ɗaki tana jin motsinsu, abinci ya ƙi shiga. Da Najiya ta matsa mata, sai ta fashe da kuka ta faɗi abin da ba ta faɗa wa kowa ba a gidan. Ta ce ita ce ta kore shi da furen. Da ta bar shi a bayan buhu, da yanzu kowa ya san inda yake. Saboda hancinta za a hana gida goma sha ɗaya amfanin shekara, kuma za a ce a shekarar da Midani ya mutu ne unguwa ta rasa dabino.

Najiya ta ce wa uwarta, “Yumma, Baba fa ba ya wasa da furen nan. Duk inda ya sa, wuri ne mai kyau. Ke kika fi kowa sanin kansa.”

Da ta fita, Burniya ta share hawaye ta zauna tana tunani irin nasa, abin da ta yi shekara arba'in da takwas tana cewa ba mai hankalin da zai iya. Wuri busasshe yake so. Mai duhu. Inda ɓera ba ya shiga, yara ba sa taɓawa. Kuma ya ce ba za ta sake gani ba. Ita kuwa ba lungun da ba ta sharewa a gidan nan, shi ma ya sani. Sai ta tuna wata rana a watan Afrilun bara. Ta je Nafta duba ƙanwarta ta kwana biyu. Da ta dawo, tana shiga ɗakin nan nata atishawa ta sarƙe ta. Midani yana bakin ƙofa, kuma bai ƙidaya ba. Cewa ya yi sanyin mota ne ya kama ta, ya ruga ya dafa mata shayi da na'ana'a, shi da ko ruwa ba ya ɗebo wa kansa. A lokacin ta ɗauka tsufa ne ya soma saukar masa da hankali.

Ta juya a hankali ta dubi kusurwar ɗakin.

Adakar aurenta tana nan inda aka ajiye ta tun ranar da aka kawo ta, da barguna jibge a kai. Rabonta da buɗe ta tun bikin Najiya, ta kuma sha faɗa a gabansa cewa ba za ta sake buɗewa ba sai ranar auren babbar jikarta. Makullin yana rataye a ƙusa bayan madubi. Ta miƙa hannu ta ɗauko. Igiyar makullin an kwance ta an sake ɗaurewa, kuma ba irin ɗaurinta ba ne. Ɗaurin mahaya ne, wanda ake yi da hannu ɗaya.

“Kai, Midani,” ta ce. “Kai, mutumin nan.”

Ta kira Najiya suka sauke bargunan. Tana ɗaga murfin ƙamshin ya bugo ta. A saman jan mayafinta na siliki, wanda ta sa ranar aure, ya shimfiɗa tsohuwar alkyabbarsa don kada gari ya taɓa mata kaya, a kan alkyabbar kuma ga ƙunshi-ƙunshi na takarda a jere kamar jarirai, busassu ƙalau. Dariya ta zo mata tare da kuka, ta rasa wanne za ta fara. Shekara guda cur tana kwana kamu uku daga abin da ta rantse za ta ƙone, shi kuma yana kwance a gefenta yana sane.

Munsif ya ruga ya kira Lazhar. Kafin a jima zaure ya cika da maza. Sai kuma wata matsalar ta taso. Ƙunshin ba girmansu ɗaya ba, don Midani yakan auna wa kowane gida gwargwadon bishiyoyinsa masu saurin fure, kuma ba suna a jiki, tunda ba ya rubutu. Kowanne dai an ɗaure shi da zaren ulu, launi daban-daban. Lazhar ya jujjuya su, ya ce shi dai bai ga kan wannan lissafi ba, a raba daidai kawai. Ayyashi ya ce in an raba daidai, masu bishiya da yawa ba zai ishe su ba.

Burniya ta ce a miƙo mata su ta bayan labule. Ta ɗauki na farko ta kai kusa da taga. Kore ne mai duhu, rininta ne, da ɓawon rumman ta gyara shi. Shekara da shekaru tana cigiyar guntayen zarenta, ta zargi kyanwa, ta zargi jikoki, ta taɓa zargin matar Munsif a zuciyarta, Allah ya yafe mata. Ashe ɓarawon yana cin tuwonta kullum.

“Wannan na gidanka ne, Si Lazhar,” ta ce. “Koren bargon da na saƙa wa 'yarka Zakiyya.”

Ta ɗauki na biyu, ruwan ƙasa da ratsin fari, ta ce na gidan liman ne. Shuɗi na gidan Bilƙasim mai gyaran keke. Ruwan goro na Hadda, kuma ya fi girman bishiya tara. Da alama ya san za ta raba da ƙanwarta. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, don ba bargon da ta manta gidan da ya shiga. Tana kiran suna, Najiya tana miƙawa, mai shi yana karɓa da hannu biyu yana yi wa mamaci addu'a. Ita duk zamansu ta ɗauka bai san bambancin shuɗi da kore ba. Ashe kowane bargo da ta saƙa yana kallo, yana riƙe da launinsa da gidan da aka kai shi.

Goma sha ɗaya suka tafi, na lambunsa ya zama na sha biyu. Saura ɗaya a ƙasan alkyabbar, ɗan ƙarami, bai fi tafin hannu ba. Ba da ulu aka ɗaure shi ba. Jan zaren siliki ne, kuma da ta ɗaga gefen mayafin aurenta ta ga inda aka zare shi, a hankali, sili ɗaya tak. Wannan ba ta kira sunan kowa ba. Ta riƙe shi a cinyarta har zauren ya watse.

Da hantsi washegari aka ji salati yana tashi daga lambuna ta kowace kusurwa. Ayyashi ya ce sai ya fara da Amarya kafin ya taɓa bishiyar ubansa, Lazhar kuma, abin mamaki, bai yi musu ba. Ya zo ya zauna a bakin zaure da sandarsa don ya ga ko za a yi daidai. Munsif ya fito tsakar gida, ya dubi bishiyar tun daga gindi har sama, ya sunkuya ya fara kwance takalminsa.

“Mayar da takalminka,” in ji Burniya daga bakin ƙofar ɗakinta.

“Yumma, bishiyarki ce. Ni ya kamata.”

“Ubanka bai sa ka hau ba yana da rai, ba ni zan sa ka ba bayan ransa. Tsaya a inda ya ajiye ka.”

Ya tsaya a gindin, idanunsa sun ciko. Ayyashi ya karɓi ɗan ƙunshin nan mai jan zare, na Amarya, ya sa a ƙirjin rigarsa, ya yi bisimilla, ya kama hawa. Da ya isa sama ya kwance ɗaurin da haƙori, jan zaren ya suɓuce masa, ya yi ta lilo a iska yana saukowa. Munsif ya bi shi da ido, ya tara hannu ya cafe kafin ya taɓa ƙasa. Ya kawo wa uwarsa, ta naɗe shi a yatsanta.

Duk shekara, in za a yi wa Amarya barbara, Burniya takan shige ɗaki ta rufe ƙofa da taga, ta toshe hanci da mayafi, tana jifan Midani da magana ta cikin bango. Najiya ta zo ta kama hannunta za ta shigar da ita. Ta girgiza kai. Ta jawo kujerar Midani 'yar tsugunne, ta zauna a tsakiyar gidan, ta ɗaga fuska sama. Ayyashi ya karkaɗa silin a cikin furen, farin garin ya sauko a hankali cikin hasken rana, ya sauka a kan mayafinta da girarta.

Ta yi atishawa ta farko. Ta yi ta biyu. Lazhar ya kau da kai yana goge ido da hannun riga.

Burniya ta ɗaga yatsan da jan zaren yake, tana murmushi, hawaye na bin kumatunta.

“Na sani, Midani,” ta ce. “Saura ɗaya.”